Sunayen da Suka Maƙale a Wayar Kawu

Shagona yana bakin tasha a Jega, inda nake gyaran waya. Karatuna bai wuce sakandare ba, sai 'yan watanni da na yi a wata makarantar koyon kwamfuta kafin in daina zuwa. Sauran abin da na sani game da rubuta manhaja a bidiyo na koye shi, ina zaune a shago tsakanin mai fasasshen gilashi da mai wayar da ta faɗa rijiya. Duk da haka Injiniya mutane suke ce mini, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. Sunan yana mini daɗi, kuma daɗinsa ne ya kai ni ga abin da zan faɗa.

A ƙarshen wata damina shugaban ƙungiyar manoman albasa na Aliero, wani Alhaji mai saurin fushi, ya kawo mini gyaran waya. Yana jira yana ƙorafi. Wai an zo da wani shiri da zai ba manoman rani irin albasa da injin ban ruwa, amma sai wanda sunansa da hotonsa suka shiga babbar kwamfutar masu shirin ta intanet. Za a rufe karɓa ƙarfe goma sha biyu na wata ranar Alhamis, saura mako biyu. Shafin da suka bayar kuwa ba ya buɗewa a ƙauye, sabis ba ya ɗaukarsa.

Ba wanda ya tambaye ni. Ni na buɗe baki na ce zan rubuta manhajar da za ta riƙe sunayen a cikin waya ko babu sabis, in an shigo gari ta aika da su da kanta. Alhaji ya kira wani ma'aikacin shirin, aka turo mini bayanin yadda kwamfutarsu take karɓar saƙo. Kwana uku na gama. Aka zaɓi masu rajista huɗu, na saka musu manhajar. Wanda aka ba ƙauyukan Maiyama kawuna ne, yayan mahaifiyata, tsohon malamin Hausa na firamare da ya yi ritaya. Ya zo shago da littafin rubutu da biro a aljihu. Na yi masa dariya a gaban mutane, na ce ya ajiye littafin nan, zamanin takarda ya wuce. Ya dube ni ta saman tabarau, ya mayar da littafin jaka.

A cikin manhajar akwai wani ɗan umarni da na sa wa suna aika. Aikinsa ya ɗauki suna na farko a layi ya tura. Na san halin sabis ɗinmu, don haka na rubuta cewa in turawar ba ta yiwu ba, ko mene ne dalili, umarnin ya sake kiran kansa. Ban sa iyaka ba. Ban sa ya faɗa mini dalilin gazawar ba. A raina naci na koya masa, har na nuna wa maƙwabcin shagona mai sayar da caja layukan ina alfahari, shi da bai san ko mene ne ba.

Kwanakin farko lafiya lau. Sunaye suna ta shiga daga Aliero, daga Jandutsi, daga Katanga. Alhaji ya aiko mini da rabin buhun albasa. Saura kwana takwas a rufe Kawu ya kira ni da la'asar.

“Injiniya,” ya ce. In yana so ya tsokane ni haka yake kirana. “Abin naka ya mutu.”

“Wane irin mutuwa, Kawu?”

“Irin wadda ka sani. In na taɓa shi sai ya buɗe ido ya rufe. Na yi ta yi har yatsana ya gaji.”

Ranar kasuwar Maiyama ce. Ya wuni a wata rumfa a gefen kasuwa yana rajista da datarsa a kashe don kada caji ya ƙare. Ya rubuta mutanen gari, ya kuma rubuta Fulanin da ke noman fadama a ƙetaren gulbi, waɗanda ba a ganinsu sai ranar kasuwa. Da ya koma gida ya kunna data, manhajar ta rufe kanta, daga nan ta ƙi zama a buɗe.

Ban yi tunanin daƙiƙa ɗaya ba na ce sabis ne. Na ce ya fita bakin titi. Ya fita, ya kira ya ce haka dai. Na ce ya je kusa da turken sabis da ke bayan makaranta. Dattijo mai ciwon gwiwa ya taka har can. Haka dai. Na ce ya ari layin maƙwabcinsa. Ya ara. Da safe ya sake kira, ina tsakiyar canza wa wata mata gilashi, raina a ɓace. Na ce masa ya goge manhajar gaba ɗaya, zan turo masa sabuwa.

“To sunayen hwa?” ya ce.

Na ji tambayar sarai. Ni na rubuta manhajar, na san sunayen a cikinta suke zaune, in ta tafi sun tafi. Amma na gaya wa kaina wataƙila sun riga sun fita kafin ta rufe. Ban duba ba. Dubawar ba za ta ci mini minti biyu ba. Na ce, “Suna sama, Kawu, ba abin da zai same su.”

Ya goge. Da yamma na shiga shafin masu shirin na nemi Maiyama. Ko suna ɗaya babu.

Ban ce masa ni na yi kuskure ba. Cewa na yi sabis ya cinye su a hanya, abin da ba ya ma yiwuwa. Kawu bai yi mini faɗa ba, ya ce to, ya kashe waya. Daga baya inna ta gaya mini kwana uku ya yi a kan babur cikin taɓo yana bin mutane gida gida. Wannan karon ya fito da littafinsa, duk wanda ya sa a waya sai ya rubuta shi a takarda. Mutanen gari da na ƙauyukan kusa ya same su. Na ƙetaren gulbi bai samu ba, lambobin wayarsu ma sun tafi tare da abin da aka goge.

Ranar Lahadi ya kunna data, manhajar ta sake mutuwa. Sai dai ya gano wani abu, in ya kashe data tana buɗewa kamar ba ita ba, sunayen duk suna nan a jere. Da ya gaya mini, maimakon in tsaya in yi tunani, murna na yi. Ai ga shaida, in ji ni, sabis ɗin Maiyama ne.

Litinin na rufe shago na ɗauki kwamfutata na hau mota. A zauren Kawu na haɗa wayarsa da kwamfutar da igiya, na kunna data, na buɗe manhajar. Jan rubutu ya zubo kamar an kwance famfo. A can sama kalmomi biyu na Turanci, stack overflow. A ƙarƙashinsu sunan umarnina, aika, aika, aika, na yi ta ja ƙasa ban ga ƙarshensa ba.

Kawu ya leƙo. “Mi yac ce?”

Na yi masa bayanin da na tsinta a bidiyo. Duk lokacin da umarni ya kira wani, waya tana ajiye na farko ta ɗora na biyu a kansa, yadda ake jera buhunan albasa a bayan mota, kuma ba a sauke na ƙasa sai an sauke na sama. In jerin ya wuce abin da wurin zai ɗauka, sai duka su rikito. Abin da kalmomin suke nufi ke nan, tari ya yi yawa ya zube.

“To wa ke ta lodin?”

Amsar tana gabana da jan rubutu, sunan da ni na raɗa, sau ɗaruruwa. Na ce masa wayarsa ce ba ta da wuri.

Na shiga intanet na rubuta kalmomin biyu. Amsoshi suka fito da yawa, masu tsawo, da Turancin da sai na karanta sau uku. Kusan duk cewa suke a duba ko akwai umarnin da ke kiran kansa ba iyaka. Na tsallake su. Na zaɓi wata gajera da ta nuna yadda ake faɗaɗa wurin da ake tarin. Na faɗaɗa shi ninki biyu. Manhajar ta yi numfashi biyu ta mutu. Na ninka sau goma. Ta sandare, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, sannan ta mutu. Na ninka fiye da haka don haushi, wayar ta ɗauke gaba ɗaya, sai da muka jira ta huce. Matar Kawu ta kawo tuwo, ya sandare a kwano ban taɓa ba. Na koma Jega da la'asar ina zagin kamfanin waya da kamfanin sabis da mutanen da suka rubuta amsoshin nan, kowa ya samu rabonsa sai mutum ɗaya.

Talata haka na wuni. A shago manhajar tana aiki. Na ƙirƙiri sunayen gwaji na tura, suna tafiya. Na rage girman hotuna, ko nauyinsu ne. Na ƙara lokacin jira. Na tura wa Kawu sabuwa sau huɗu, duk ya ɗora a kan tsohuwa kamar yadda na gargaɗe shi, domin yanzu ina tsoron kalmar gogewa. Sau huɗu ya kira ya ce, “Haka dai.” Muryarsa ba ta canzawa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da zai daka mini tsawa da na samu abin riƙewa.

Alhaji shi bai rage mini komai ba.

“Injiniya, mi ka hwaruwa? Kowa ya shiga ban da Maiyama.”

“Ana kai, Alhaji.”

“Ana kai ina? Mutane sun gyara wurin reno, iri kawai suka jira. Jibi a ka rufewa. Kai kac ce ka iya, ba wanda ya kama hannunka.”

“Wayar Kawu ce take ba mu matsala.”

“To ba shagon waya gare ka ba? Ɗauki wata ka kai mai!”

Laraba da sassafe na ɗauki wata waya mai kyau daga shago na koma. Kawu ya tara sauran manoman da ba a yi wa rajista ba a ƙarƙashin dalbejiyar makaranta. Sun zauna a kan benci da tabarmi, wasu da fartanya a kafaɗa, daga gona aka kira su. Na ce ni zan rubuta da hannuna. Na farko ya tsaya na ɗauke shi hoto, na rubuta sunansa, na danna. Alamar tafiya ta ɗan juya, ta yi kore. Na biyu ma haka. Na uku, na huɗu, har na shida.

Na ɗaga wayar sama. “Kun gani? Tun farko na faɗa. Wayar Kawu ce ta tsufa.”

“Kamar mai ita,” wani ya ce daga baya, aka yi dariya.

Kawu ya matso ya gyara tabarau yana duba abin da nake rubutawa. Na bakwai wani dogo ne mai sunan nan irin namu da ke farawa da Ɗan. Na buga masa D na wuce.

“Tsaya,” in ji Kawu. “Ina ƙugiyar?”

“Wace ƙugiya?”

“Ta ɗ. Wannan da ka rubuta ba sunansa ba ne. Kuma garinsu da ƙ yake, ka sa k.”

“Kawu, ba jarrabawa muke ba. Kowa haka yake rubutawa a waya.”

“Kowa jahili ne? Shekara talatin ina koya wa yara bambancin ƙasa da kasa, da bari da ɓari, yau ɗan ƙanwata zai zo gaban jama'a ya kunyata ni. Miƙo nan.”

Ya karɓe wayar. Na yi zaton zai rikice, sai na ga ya shiga wurin saiti ya ƙara allon rubutun Hausa cikin 'yan daƙiƙu, ashe a tasa wayar ma da shi yake rubutu tun tuni. Ya goge D ɗina ya sa Ɗ, ya gyara sunan garin, ya danna.

Manhajar ta ƙifta ta mutu.

Aka fashe da dariya. Dogon ya dafa ƙirji. “Ni nik kashe ta? Wallahi ban taɓa ta ba!”

“Sunanka ad da nauyi,” na kusa da shi ya ce. “Ko jaki bai ɗaukar shi.”

Na ƙwace wayar na buɗe, ta rufe. Na sake, ta rufe. Sabuwar waya, a wurin da sunaye shida suka tafi yanzu yanzu. Kawu bai yi dariya ba. Ya buɗe littafinsa ya sa yatsa a layin farko na shafin farko. Sunan da ya fara rubutawa a zagaye na biyu, da ɗ a tsakiyarsa. Ya ce na ranar kasuwa ma yana tuna wanda ya fara zuwa, sunansa da Ɗan ya fara.

Har a lokacin ban sallama ba. Na ce harafi ba ya kashe manhaja, daidaituwa ce kawai, sabis ne ya ɗauke a daidai lokacin.

“Injiniya,” ya ce a hankali, yadda sauran ba za su ji ba. “Ni ban san aikinka ba. Amma na san sabis ɗin garin ga. Ba abin da yake yi da sauri. Gaisuwa in na tura, sai na sha ruwa kafin ta tafi. Waɗanda kat tura ɗazu sai da abin ya juya ya juya. Wannan ko juyawa bai yi ba. Anya saƙon ya ma fita daga wayar?”

Na zauna a kan saiwar dalbejiya na buɗe kwamfuta a cinyata. Na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na ƙara layi ɗaya tak da zai sa umarnin ya faɗi dalilin gazawarsa kafin ya sake kiran kansa. Na gwada. Dalilin ya fito, jimla ɗaya, ta maimaita kanta har ƙasa. Wai akwai harafin da ba a yarda da shi ba a kan saƙon.

Ga yadda abin yake. Saƙon da manhaja ke turawa kamar wasiƙa ne, akwai bayan ambulan, akwai takardar ciki. A ciki kana iya rubuta duk harafin da kake so. A bayan ambulan haruffan Turanci kawai ake karɓa. Ni kuwa a bayan ambulan na sa sunan manomi da garinsa, domin haka na ga wani ya yi a bidiyo, na kwafa ban tambayi dalili ba. Da wayar ta ga ɗ sai ta ƙi rufe ambulan ɗin tun a hannu. Umarnina bai san bambancin an ƙi da ba a ji ba, sai ya sake kiran kansa, a sake ƙi, ya sake, sau dubbai kafin mutum ya ƙifta ido, har tarin ya zube. Kuma da yake layi ne, wanda ya maƙale a gaba ya tare duk na bayansa. Sauran masu rajista ba su gamu da wannan ba don ba wanda yake sa ƙugiya a cikinsu. Ni ma da nake gwaji a shago ban taɓa sawa ba. Saƙon bai taɓa barin wayar ba. Na sa dattijo ya taka har turken sabis saboda wasiƙar da take cikin aljihunsa.

Na faɗa wa Kawu duka, ban rage ba. Ya saurara har ƙarshe.

“Wato ka je ƙofar gida ka yi sallama, aka ce ba a shiga, kai ko ka tsaya kana ta sallama har ka faɗi.”

“Haka ne, Kawu.”

“Ko a gidan surukai sau uku ake yi a juya. Uwarka ba ta koya maka ba? Sai na tambaye ta.”

Na ce mafi sauri shi ne in sa manhajar ta cire duk wata ƙugiya kafin ta tura. Ya ce in ina so in gutsure wa mutane suna don in rufe ɓarnata, in yi, amma ba da wayarsa ba. Na ji haushi, ga rana tana yi, ga mutane suna jira, ga cajin kwamfutata ya kusa ƙarewa. Amma da na duba, gyaran na gaskiya bai fi wancan wuya ba. Na mayar da suna da gari cikin takardar ciki, inda bayanin masu shirin ya ce a sa su tun farko, a shafin da ban karanta ba. Na hana umarnin kiran kansa. Na sa ya gwada sau uku, in bai yiwu ba ya ajiye wannan a gefe da dalilinsa, ya wuce na gaba. Kwana bakwai ina fama, gyaran bai kai minti ashirin ba.

Na ɗora a wayar Kawu, tsohuwar da na zaga a gaban jama'a. Ya kunna data. Sunayen suka fara yin kore ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da irin tafiyar sabis ɗin Maiyama. Manoma suka zagaye shi suna kallo. Da na ɗora gyaran a sabuwar wayar ma, dogon ya ce a nuna masa nasa, da ya ga ya tafi ya ce to yanzu a daina cewa sunansa ne.

Saura na ƙetaren gulbi, waɗanda na sa aka goge. Alhamis bayan sallar asuba muka hau babur ni da Kawu. Gulbi ya cika, muka bar babur a gaɓa muka shiga kwalekwale. Kawu yana tuna fuskoki da wasu sunaye, amma shirin hoto yake so, sai mutum da kansa. A ruga ta farko muka samu magidanta biyu, muka yi musu. Sauran sun kora shanu nesa da gonaki har a gama girbi, wani ya ce gabas suka yi, wani ya ce sun bi hanyar Birnin Malam. Wani dattijo da Kawu ya fi damuwa da shi, wanda ya ce shi ya fi kowa fadama mai kyau a wajen, ya tafi gaisuwar rasuwa wani gari, sai Asabar. Matarsa ta ce ai an riga an ɗauke shi hoto a kasuwa, har ya dawo yana ba da labari. Kawu ya dube ni. Na dubi ƙasa.

Babu sabis a can. Muka dawo a guje, mai kwalekwale yana ta yi mana tsiya wai ko amarya muka sato. A bakin titi na ɗaga waya sama, biyun suka tafi saura 'yan mintuna. Na kira Alhaji na roƙe shi ya nemi a ƙara mana kwana biyu. Ya kira ma'aikacin, ya dawo ya ce an rufe daga sama, ba mai iya buɗewa. Ya ƙara da wasu kalmomi da na cancanta.

Bayan makonni aka kawo iri da injuna, aka raba a Aliero da Maiyama. Ranar kasuwar da ta biyo baya Kawu ya kira ni ya ce in zo. Na ce ina da aiki. Ya ce ya sani, in zo.

Na same shi a rumfar da ya yi rajistar farko, tare da wani dattijo siriri mai malfa da sanda a kafaɗa. Shi ne mai fadamar. Ya zo karɓar injinsa, an duba ba sunansa. Kawu ya ce masa ga wanda zai yi masa bayani, ya ja gefe ya bar ni.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi gida da aiki.

“Malam ya ce kai ne mai na'urar,” ya ce. “Na tsaya an ɗauke ni, har malfa aka ce in cire, na cire. To ina sunan nawa ya tafi?”

A hanya na shirya maganar sabis, ta zauna mini a baki tsaf. Kawu yana gefe yana duba wani abu a littafinsa, na san kunnensa yana wurinmu.

“Babu inda ya tafi, Baffa. Yana cikin waya, ni na sa aka goge shi. Malam ya tambaye ni, na ce masa ba komai, alhali ban duba ba.”

Ya zuba mini ido. Ba fushi a fuskarsa, kamar dai yana auna ko na cika hankali.

“Da gangan?”

“A'a. Da ganganci.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya riga ya faɗa wa 'ya'yansa bana fadamar duka za su dasa, har sun share ta. Ya tambaya ko za a sake yi baɗi. Na ce ban sani ba, kuma ban ƙara komai a kai ba, don na gaji da faɗin abin da ban sani ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya yi wa Kawu sallama, ya gyara sandarsa ya shiga kasuwa.

Da rani ya yi, wani aiki ya kai ni ƙetaren. Daga kan hanya ana hango fadamarsa. Gefe ɗaya kawai aka dasa, ɗan tsiri kusa da rijiya, sauran ƙasa ce a share ba komai. Daga gonakin maƙwabta ana jin ƙarar injuna. Shi da 'ya'yansa biyu suna jan ruwa da guga suna zubawa a fangalin dashe ɗaya bayan ɗaya. Na tsayar da babur na sauka na gaishe shi. Ya gane ni. Bai daina ja ba, ya ce in matsa gefe kada in taka masa dashe.